Haɗa amfilifayar sitiriyo da risibar sinimar gida: yaya ake yi?

Baban Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum masana. Ina da risiba Yamaha RX-V6A a falo, tana jan lasifika biyar da wufa (lasifikar bes) guda: biyu manya a gaba, ɗaya a tsakiya ƙarƙashin talabijin, biyu a gefen kujera. Ina kuma da amfilifayar sitiriyo Yamaha A-S501 da nake so ta riƙa jan lasifikokin gaban nan biyu, don na fi jin daɗin sautinta idan kiɗa ko karatu nake saurare, amma ba na so in rasa sautin kewaye idan an zo kallon fim. Lasifikokin gaban om 8 ne, an rubuta 87 dB a bayansu, kujerar kuma tana nesa da su kamar mita 3.

Abin da nake son sani shi ne, daga wane rami zan ɗauko sautin a risibar, kuma a wane rami zan zuba shi a amfilifayar? Tunda kowacce da nata mamurɗin ƙara, wanne zan riƙa amfani da shi? Sautin zai ƙara ƙarfi ne? Sannan akwai abin da zai iya ƙonewa idan na yi kuskure? Allah ya ƙara basira.

Injiniya Mai Sauti ya rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Yara. Zai yiwu, kuma ka yi sa'a risibar taka tana da ramin da ake buƙata. Amma ka fara riƙe wannan: amfilifayar sitiriyo ba ta san komai game da Dolby ko DTS ba. Layi biyu take karɓa, hagu da dama, ta ƙara musu ƙarfi ta miƙa wa lasifika. Rarraba sautin fim zuwa gaba, tsakiya, gefe da wufa aikin risiba ne, kuma a hannunta zai zauna. Amfilifayar ƙarfi kawai za ta ara wa layuka biyu na gaba.

Kashe komai, ka zare fulogi daga bango. Juya bayan risibar ka nemo ramuka biyu na RCA, fari da ja, inda aka rubuta PRE OUT, FRONT, wato mafitar siginar layukan gaba kafin a ƙara mata ƙarfi. Daga nan za ka ja wayar RCA mai rufi mai kyau, gajera, mita ɗaya zuwa biyu ta isa, ka kai ta ɗaya daga ramukan shigarwa na A-S501, misali LINE 1 ko TUNER. Kowanne daga cikinsu ya yi, ban da PHONO. Ramin PHONO na faifan garmaho ne, siginar da yake jira wajen milibolt 3 ce, kuma yana ƙara bes ya rage siririn sauti da gangan. Risiba kuwa tana fitar da wajen bolt 1, ya fi abin da ramin yake jira sau ɗari uku da wani abu. Abin da za ka ji tsagaggen sauti ne mai iya kashe ƙaramar lasifikar siririn sauti.

Sai ka kwance wayoyin lasifikokin gaba daga risibar gaba ɗaya, ka mayar da su bayan A-S501, ja da ja, baƙi da baƙi. Ramukan FRONT na risibar su zauna babu komai, hakan ba ya cutar da ita. Lasifikar tsakiya, na gefe da wufa suna nan inda suke. Kayan kallo irin su dikoda da na'urar wasa su shiga risiba ta HDMI kamar da. Kayan kiɗa kuwa, na'urar CD ko abin yaɗa kiɗa daga waya, ka kai su kai tsaye cikin A-S501, don in kiɗa kake so ba sai ka kunna risiba ba. Wannan shi ne ainihin ribar haɗin.

Yanzu maganar mamurɗi biyu, wadda ita ce wahalar abin. Mota ɗaya ce da direba biyu, dole ɗaya ya ɗauke hannu. Manyan amfilifayoyi suna da rami na musamman da yake tsallake mamurɗinsu ya kai sigina kai tsaye sashen ƙarfi. Yamaha suna kiransa MAIN IN a irin su A-S1200, Marantz PM8006 tana da POWER AMP DIRECT, Denon PMA-1600NE tana da EXT. PRE. A-S501 ba ta da shi. Don haka da hannu za ka tsayar da mamurɗinta a wuri ɗaya duk lokacin fim, risiba ta riƙa ƙarawa da ragewa.

Wane wuri? Mutane da yawa cewa suke a kai shi ƙarfe 12 kawai, wato tsakiya. Ba laifi a matsayin mafari, amma ga hanyar da ta fi daidai. Tun kafin ka kwance lasifikokin daga risiba, shiga saitinta ka kunna sautin gwaji a lasifikar hagu ta gaba, ka ajiye wayarka a kan kujera da manhajar auna ƙara, ka rubuta lambar da ta nuna da kuma inda ƙarar risibar take. Bayan ka yi haɗin, kada ka taɓa ƙarar risibar, kada ka motsa wayar. Sake kunna sautin gwajin, ka riƙa murɗa mamurɗin A-S501 daga ƙasa a hankali har lambar ta dawo daidai da ta farko. A nan amfilifayar tana ninka sigina daidai da yadda sashen ƙarfin risibar yake yi. Manna ɗan farin salatif a jikin mamurɗin da wani a jikin fuskar, ka ja layi ɗaya da biro ya ratsa su biyun.

Mai mitar awon wuta zai fi samun daidai: sa sauti ɗaya tsayayye na 400 Hz, ka auna bolt na AC a bakin lasifikar kafin haɗi da bayan haɗi. Bambancin kashi 10 cikin 100 a bolt bai kai 1 dB ba.

Danna PURE DIRECT a A-S501 don ya tsallake BASS, TREBLE, BALANCE da LOUDNESS. Idan ka bar su a buɗe, risiba za ta auna ɗaki da su, ranar da wani ya murɗa ɗaya kuma awon ya lalace. Daga nan sai ka sa makirufon YPAO, wato tsarin awon ɗaki na Yamaha, a daidai tsayin kunne ka sake awon ɗaki daga farko. Bayan ya gama duba lambobin da ya ba kowace lasifika. A risibar Yamaha iyakar gyaran daga −10 zuwa +10 dB ne, a Denon da Marantz masu tsarin awon Audyssey kuwa −12 zuwa +12. Idan na gaba sun tsaya a −10, mamurɗin amfilifayar ya yi sama da yawa. Idan sun kai +10, ya yi ƙasa. A kowane hali risibar ta kai maƙura, ba ta gama daidaitawa ba. So ake na gaba su kasance kusa da sifili, kamar tsakanin −3 da +3.

Abu guda da ake mantawa: tunda na'urorin biyu na kamfani ɗaya ne, gwada rimot ɗin risibar ka ga ko mamurɗin A-S501 yana juyawa shi ma idan ka ƙara murya. Idan yana juyawa, canja saitin Remote ID na risibar da na rimot ɗinta, ko ka rufe idon amfilifayar da baƙin salatif. In ba haka ba, duk dannawa ɗaya lasifikokin gaba suna ƙaruwa sau biyu, na tsakiya sau ɗaya, maganar 'yan fim ta riƙa nutsewa ba ka san dalili ba.

Malam Mai Lissafi ya rubuta:

Injiniya ya gama maganar waya, ni zan taɓa tambaya ta uku, don a nan ake yawan yaudarar kai. Baban Yara, sautinka ba zai ƙara ƙarfin da kunne zai ji ba.

A takarda RX-V6A tana ba da wat 100 a kowane layi a om 8 idan layi biyu ke aiki. A-S501 tana ba da wat 85. Wato amfilifayar da kake son ɗorawa ma ta fi ƙanƙanta a lamba, sai dai tazarar 0.7 dB ce kawai, kunne ba ya kama ta. Kafin a samu ƙarin 3 dB sai an ninka wat sau biyu, kafin mutum ya ji kamar sauti ya ninka kuwa sai wajen 10 dB, wato wat sau goma. Lasifikarka mai 87 dB, a mita 3 tana rasa kusan 9.5 dB a fili, ta koma 77.5 da wat ɗaya. Wat 85 na ƙara 19.3, ka samu kusan 97 dB daga lasifika guda. Wat 100 na ba ka 97.5. Bangon ɗaki yana mayar da wani abu a kai, amma tazarar da ke tsakaninsu ba ta canjawa.

To ina amfanin? Akwai shi, amma a wani wuri. Risiba taransifoma ɗaya ce take ciyar da dukkan layukanta. Wat 100 ɗin nan da layi biyu aka auna shi. Idan fim ya kai wurin da layi biyar suka buƙaci wuta lokaci guda, abin da kowanne zai samu ya ragu sosai. Ɗauke mata layuka biyu mafi cin wuta yana bar wa na tsakiya da na gefe sarari, risibar kuma ta rage zafi. Wanda yake da lasifika om 4 ko mai ƙarancin ji, kamar 84 ko 85 dB, a babban falo, shi ne zai ji bambanci a fili.

Sai dai kana da wufa, kuma wufa da nata ƙarfin take zuwa. Idan ka sa lasifikokin gaba a Small ka yanke a 80 Hz, wanda shi ne ma'aunin da kamfanin THX mai tsara ƙa'idojin sautin sinima ya tsayar, mafi nauyin aikin ya riga ya bar risibar ya koma kan wufa. YPAO yana son sa manyan lasifikoki a Large, ka mayar da su Small da hannunka. Kalmar ba girman akwati take nufi ba, umarni ne cewa abin da ke ƙasa da 80 Hz a tura wa wufa. Yankan yana faruwa kafin PRE OUT, saboda haka A-S501 ita ma za ta huta.

Game da wurin mamurɗi, ga abin da ya sa ba a kai shi ƙarshe. Wat 85 a om 8 kusan bolt 26 ne. A-S501 tana kaiwa nan da milibolt 200 kacal idan mamurɗi yana ƙarshe, wato ninki 130, kimanin 42 dB. Sashen ƙarfi na yau da kullum ninki 28 yake yi, wajen 29 dB, ya mayar da bolt 1 ya zama bolt 28. Ka ga akwai rarar kusan 13 dB da dole mamurɗin ya cinye. Idan ka buɗe shi duka, ɗan hucin da ke cikin PRE OUT za a ninka shi, ka riƙa jin shuu a lasifika ko ba a kunna komai ba. Idan kuma ka rufe shi da yawa, risibar za ta matsa PRE OUT ya wuce bolt 2, sauti ya fara tsagewa tun kafin amfilifayar ta yi wani aiki. Mamurɗi irin na juyawa kuma a can ƙasa ne hagu da dama suka fi saɓawa.

Ra'ayina: tunda A-S501 tana hannunka kuma kana sauraren kiɗa, yi haɗin, kuɗin wayar RCA kawai za ka kashe. Amma wanda fim kaɗai yake kallo, kada ya je ya sayi amfilifayar sitiriyo don wannan. Kuɗin ya fi amfani a wufa mai kyau ko lasifikar tsakiya, tunda mafi yawan maganar fim daga ita take fitowa. Wuri ɗaya da ƙarin amfilifayar ya zama dole shi ne irin Denon AVR-X3700H, wadda take iya sarrafa layi 11 amma ƙarfi tara kaɗai ke cikinta. Mai son 7.1.4 na Dolby Atmos (lasifika bakwai, wufa ɗaya, huɗu a sama) da ita dole ya kawo amfilifayar layi biyu daga waje.

Baban Yara ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙanena yana son yin irin wannan, amma tasa risibar ba ta da FRONT PRE OUT, na wufa kaɗai muka gani sai wani da aka rubuta ZONE 2. Zai iya ɗauka daga nan? Ko kuwa a haɗa wayoyin risiba da na amfilifaya duka a bayan lasifika ɗaya, a riƙa kunna wadda ake so a kashe ɗayar?

Mai Gyaran Rediyo ya rubuta:

Yallabai, na biyun nan kada a kuskura. Ko ɗayar a kashe take, wutar da mai aiki take turawa lasifika tana bin ɗayar wayar ta shiga sashen fitarwar wadda aka kashe. Wasu na'urorin suna da rile, wato maɓalli mai aiki da kansa, da yake raba su da lasifika idan an kashe su, shi ya sa wani zai ce ya yi bai ga komai ba. Amma ranar da yaro ya kunna duka biyun, ko aka dawo da wuta suka tashi tare, kowacce za ta ga 'yar'uwarta kamar waya ce ta haɗe. Taransistocin fitarwa ne suke fara tafiya, wani lokaci su tura wutar DC su ƙona nadin lasifikar.

Haka nan kada a ja waya daga ramin lasifika na risiba a cusa ta a RCA na amfilifaya. Ramin lasifika yana iya kai bolt 28, LINE kuma da ya wuce bolt 2 da ɗan abu ya fara shaƙewa.

ZONE 2 ba zai yi ba. Na ɗaki na biyu ne. Abin da yake fitarwa sitiriyo ne cikakke, ba layukan gaba na 5.1 (lasifika biyar da wufa) ba, wato maganar da ya kamata ta fito daga tsakiya tana ciki, awon ɗaki bai shafe shi ba, ƙararsa daban take tafiya, kuma lokacinsa ba lallai ya zo daidai da na sauran lasifikoki ba. Za a ji magana tana fitowa wuri uku da ɗan amsa-kuwwa. Ramin abin sauraro na kunne shi ma a bar shi, da an cusa fulogi risiba take kashe lasifikoki ta tattara komai zuwa layi biyu. Na wufa kuwa bes kaɗai ke cikinsa.

Hanya biyu ce ta rage. Ta farko, wadda na fi yarda da ita, akwatin zaɓen amfilifaya: na'ura biyu suna shiga, lasifika biyu suna fita, maɓalli ɗaya yana zaɓa. Idan fim ne risiba ta ja su, idan kiɗa ne amfilifaya ta ja su, babu wata sigina da take ratsawa tsakaninsu, babu maganar daidaita mamurɗi. A tabbata irin wanda yake yanke ɗaya kafin ya haɗa ɗaya ne, kuma yana yanke ja da baƙi duka, ba ja kaɗai ba. Kada a ruɗe shi da akwatin zaɓen lasifika, wanda amfilifaya ɗaya yake raba wa lasifikoki da yawa, don a wasunsu ana iya danna A da B tare, in aka juya shi baibai kuwa wannan shi ne haɗa na'urorin biyu. A rage murya kafin a danna. Amfilifaya mai kwalba (tube) kuma ba a barin ta a kunne babu lasifika, taransifomar fitarwarta za ta iya lalacewa.

Ta biyu, ƙaramin akwatin da masu haɗa kiɗan mota suke amfani da shi, mai sauko da siginar lasifika zuwa ta RCA. Yana aiki, amma sautin ya riga ya bi ta sashen ƙarfin risibar, duk abin da ake gudu yana ciki. Sannan yawancinsu don rediyon mota mai wat 20 zuwa 50 aka yi su, a duba iyakarsa. Akwai kuma amfilifayoyin da baƙin raminsu ba ƙasa (ground) ba ne, shi ma sigina yake ɗauke da ita. Akwatin da ya haɗe baƙin hagu da na dama zai sa irin waɗannan su kashe kansu ko su ƙone, sai a nemi mai taransifoma a ciki.

Kafin sayen risiba a leƙa bayanta. A Denon, X1700H da X2700H ba su da PRE OUT na gaba, sai daga X3700H. A Yamaha, RX-V4A ba ta da shi, V6A tana da shi. Siririyar Marantz NR1711 tana da na gaba biyu duk da ƙanƙantarta.

Wanda kuma ba shi da risiba sam, amfilifayar sitiriyo kaɗai gare shi, zai iya kallon fim da ita lafiya, amma sitiriyo zai ji. A ja wayar haske daga talabijin zuwa ramin OPTICAL, a shiga saitin talabijin a mayar da fitar sauti PCM. In aka bar shi a Dolby Digital ko Bitstream, shiru za a ji ko hayaniya, don amfilifayar ba ta iya warware shi. Ƙara lasifika biyu a ramin SPEAKERS B a ajiye su baya ba sautin kewaye ba ne, abin da ke gaba ne yake maimaituwa, kuma om 8 biyu a layi ɗaya sun koma om 4. Akwai tsohuwar dabarar David Hafler ta farkon shekarun 1970, inda ake ɗaura lasifikar baya tsakanin jan hagu da jan dama ta riƙa fitar da bambancinsu. Tana ba da ɗan faɗi, amma ba 5.1 ba ce, kuma sai amfilifayar da baƙaƙen ramukanta suke haɗe da ƙasa.

Hajiya Mai Lantarki ta rubuta:

Malamai sun yi bayani, saura abin da yake fara bayyana da an gama haɗi: gurnani. Da zarar waya ta haɗa na'ura biyu masu fulogi daban, an buɗe hanyar da ƙaramar wuta za ta bi ta rufin RCA idan ƙasarsu ba ɗaya ba ce. Abin da ake ji ƙugi ne mai kauri na 50 Hz, mitar wutarmu, wani lokaci da zizar 100 Hz a kai.

Ana gano tushensa da cirewa ɗaya bayan ɗaya. Zare RCA daga A-S501. In ƙugin yana nan, daga amfilifayar ne ko wutar da take sha. In ya tafi, mayar da RCA ka kwance wayar dish ko eriya daga dikoda. Sau da yawa ita ce, don rufinta yana taɓa ƙasa a wani wuri can waje, ya biyo HDMI ya shigo risiba. Daga nan a zare HDMI ɗaya ɗaya. Maganin farko shi ne talabijin, dikoda, risiba, amfilifaya da wufa duk su sha daga soket ɗaya ta doguwar mahaɗa mai kauri. In bai tafi ba, a sa abin raba ƙasa mai taransifoma a layin RCA. Na wayar eriya ma akwai, amma a dish sai irin wanda aka yi don dish, tunda dikoda tana tura bolt 13 ko 18 ta wannan wayar zuwa kan dish ɗin, na eriya zai tare wutar hoto ya ɗauke. Abin da ba a yi shi ne karya ƙafar ƙasa ta fulogi. Ƙugin zai iya tafiya, amma ranar da waya ta taɓa jikin ƙarfen, mutum ne zai zama hanyar wutar.

RCA kada ta kwanta a jikin wayar wuta. In dole su haɗu, su gitta juna. Wayar lasifika ta jan ƙarfe mai kaurin 1.5 mm² ta isa om 8 har mita 10, don zuwa da dawowa om 0.23 ne kawai. Om 4 ko nesa da haka, a sa 2.5 mm². Mai araha da yawa alminiyon ce aka shafa wa jan ƙarfe, a kankare bakinta da wuƙa, in fari ya fito a ƙara kauri.

A duba takardar bayan kowace na'ura kafin a cusa fulogi. Wutarmu bolt 230 ce, kayan da aka yi don Amurka kuwa 120 suke sha, kuma suna da yawa cikin na hannu da ake shigowa da su. Irin waɗannan sai da taransifomar saukar da wuta. A tara wat ɗin da aka rubuta a bayan risiba, amfilifaya da wufa, a nemi sitabilaiza ko taransifomar da ta fi jimillar da rabi. Inbatar da ba tsantsar igiyar sayin (pure sine wave) take fitarwa ba tana sa taransifomar amfilifaya ta riƙa ziza a jikinta tana zafi, wannan ba maganar RCA ba ce, abin raba ƙasa ba zai taɓa shi ba. Idan za a juya daga wutar NEPA zuwa janareta, a kashe na'urorin tukuna.

Wajen kunnawa, risiba farko, a jira ta yi ƙas, sannan amfilifaya. Wajen kashewa amfilifaya farko. Hakan yana hana bugun da ake ji a lasifika. Kada a ɗora ɗaya a kan ɗaya, ramukan iskar duka biyun a sama suke. A bar aƙalla santimita 30 a saman kowacce, a lokacin bazara kuma ƙaramar fanka a bayan kabad ba ɓarna ba ce.

Injiniya Mai Sauti ya rubuta:

Ƙari biyu, Baban Yara. Wufarka a risiba take, saboda haka idan kana kiɗa da A-S501 kaɗai ba za ta yi motsi ba, manyan lasifikokin ne za su ɗauki komai. A-S501 tana da nata ramin wufa, amma kada ka mayar da ita can dindindin, don layin LFE, na bes ɗin fim, wato .1 ɗin, daga ramin wufa na risiba yake fita. Kada kuma ka haɗa ramukan biyu da waya mai reshe zuwa wufa ɗaya, fitarwa biyu ne za su yi karo. Ko dai ƙaramin maɓallin zaɓen RCA, ko wufa irin ta REL wadda aka yi ta karɓi siginar lasifika daga amfilifaya da LFE daga risiba lokaci guda, kowanne da nasa mamurɗin.

Na biyun ya shafi ƙanenka idan zai sayi amfilifaya. Ya nemi wadda sigina take ratsa ta ba tare da an mayar da ita lambobi ba. Sababbin nan masu yaɗa kiɗa ta intanet sukan riƙe sautin LINE na ɗan lokaci. Na Sonos, misali, mafi ƙarancin jinkirinsa milisakan 75 ne. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, wato jinkirin daidai yake da a ce lasifikar tana nesa da mita 25 da wani abu. Risiba tana gyara jinkiri ta saitin nisa ne, kuma a Denon tazarar da aka yarda tsakanin lasifika mafi kusa da mafi nisa mita 6 ce. A-S501 ba ta da wannan matsala. Bayan awon ɗaki duba nisan da YPAO ya ba na gaba, ya kamata ya zo kusa da mita 3 ɗinka. In ya yi gargaɗin cewa ɗaya a juye take, koma ka duba ja da baƙi a bayan amfilifayar da bayan lasifikar. Kuma duk ranar da aka gama kiɗa, a mayar da mamurɗin kan layin salatif, a zaɓi LINE 1, kafin a kunna fim.